Ƙwaƙwalwar Ɓera da Ƙwan Kaza: Asalin Allurar Wata Tara

Tsakanin Katsina da Maraɗi ba a kai tafiyar kilomita 100 ba idan aka bi ta Jibiya. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kuma sauron damina bai taɓa tsayawa a kan iyaka ya nuna takarda ba. Duk da haka, a shekarun 1940 da 1950 waɗannan garuruwa biyu sun zauna ƙarƙashin tsari biyu mabambanta na kariya daga cutar shawara. A ɓangaren Faransa doka ta tilasta a yi wa kowa lamba a dantse da wani rigakafi da aka haɗa daga ƙwaƙwalwar ɓera. A ɓangaren Ingilishi, rigakafin da hukuma ta fi aminta da shi allura ce da aka raina cikin ƙwan kaza, mai tsada, mai buƙatar sanyi, wadda ba ta kai ga mafi yawan talakawa ba. Labarin yadda ɗaya ya ɓace ɗaya ya ɗore shi ne amsar tambayar da iyaye mata ke yawan yi mana a tagar ba da magani: me ya sa sai yaro ya cika wata tara?

Kafin mu shiga tarihin, yana da kyau mai karatu ya san dangin da ake magana a kai. Ƙwayar bairos ɗin da ke kawo shawara tana da 'yan'uwa na jini, kuma da yawansu sauro ne ke yawo da su. Ita shawara hanta take nufa. Shi ya sa ido ke komawa ruwan ɗorawa, a wasu lokutan har da aman jini. 'Yan'uwanta biyu kuwa, wato wadda ake kira ta Japan da wadda ake kira West Nile, ƙwaƙwalwa suke nufa. Idan suka isa can sai naman ƙwaƙwalwar kansa ya kumbura: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ruɗewa, jijjiga, daga nan doguwar suma. Wannan daban yake da sanƙarau, wanda ke kama rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yake bin numfashi, yake tasowa da zafin bazara. Daban yake kuma da maleriyar da ke hawa kai, wadda ba bairos ba ce sam. A idon uwa mai riƙe da yaro yana jijjiga duk kamarsu ɗaya, kuma matakin farko ɗaya ne, wato asibiti ba tare da jinkiri ba. Amma a wajen rigakafi kowacce da tata hanyar.

A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa sansanin binciken shawara a Yaba, cikin Legas. A lokacin an riga an san sauro ne ke yaɗa cutar, amma ba wanda ya iya kama ƙwayar ya ajiye ta a ɗakin bincike. A ƙarshen watan Yunin 1927 wani likitan tawagar, Alexander Mahaffy, ya ɗebi jinin wani mutum mai shekara 28 da ke fama da zazzaɓi a Kpeve, cikin ƙasar Gwalkwas, Ghana ta yau. Sunan mutumin Asibi, suna mai kama da Asabe tamu. Aka zuba jinin a jikin wani biri da aka kawo daga Indiya, birin ya kamu ya mutu, Asibi kuwa ya warke ya ci gaba da harkokinsa. Daga biri zuwa biri aka riƙa raya ƙwayar. Aikin ya ci rayuka: Adrian Stokes ya kamu ya mutu a Legas a watan Satumban 1927, Hideyo Noguchi ɗan Japan ya mutu a Akara a watan Mayun 1928, abokin aikinsa William Young ya bi shi bayan 'yan kwanaki. A wannan shekara ta 1927 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Dakar su ma suka kama tasu ƙwayar daga wani majinyaci. Daga waɗannan jini biyu rigakafin biyu suka fito.

Biri yana da tsada, yana da cizo, kuma shi ne ke jefa masu bincike cikin haɗari. A 1930 wani matashin masani haifaffen Afirka ta Kudu, Max Theiler, ya gano cewa idan aka zuba ƙwayar kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar farin ɓera, ɓeran zai kamu. Ya kuma lura da abin da ya fi wannan muhimmanci. Idan aka riƙa ɗaukar ƙwayar daga ƙwaƙwalwar wannan ɓera zuwa ta wancan, sau da yawa a jere, sai ta manta hanyar hanta. Biri ba ya ƙara mutuwa da ciwon hanta idan an yi masa allurarta a ƙarƙashin fata, sai ma ya sami kariya. Sai dai ƙwayar da ta manta hanta ta koyi wani sabon abu, domin wanda ya daɗe a gari shi ke sanin lunguna: ta ƙware wajen zama a ƙwaƙwalwa.

Faransawa suka karɓi wannan ƙwaya da hannu biyu. Andrew Sellards da Jean Laigret suka fara gwada ta a jikin mutane a farkon shekarun 1930, sannan a ƙarshen shekarun likitocin Dakar, Peltier da Durieux da abokan aikinsu, suka fito da dabarar da ta sauya komai. Za a busar da ƙwaƙwalwar ɓeran ta zama gari, a dama ta da ruwan ƙaro, sau da yawa a haɗa da rigakafin agana, a ɗiga a dantse, a ɗan tsaga fatar sama-sama, a bari ƙaron ya bushe a kai. Babu sirinji, babu tafasa allura. Garin yana jure zafin hanya fiye da kishiyarsa, kuma ma'aikaci ɗaya zai iya gama ƙauye guda kafin azahar. A 1941 aka mayar da shi dole a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, Nijar na cikinsu, ana zagayowa bayan 'yan shekaru. Cikin shekara goma sha wani abu an yi lamba gomman miliyoyi. Sakamakon kuwa ba a musunsa: shawara ta kusa ɓacewa daga ƙasashen Faransa, alhali a Najeriya da Gwalkwas annoba ba ta daina tasowa ba.

Shi kuwa Theiler hankalinsa bai kwanta da ƙwayar da ke son ƙwaƙwalwa ba. A ɗakin binciken Rockefeller da ke New York, shi da Hugh Smith suka koma kan ƙwayar Asibi. Suka raina ta cikin naman tayin ɓera, daga nan cikin naman ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, sannan suka yi wani abu mai sauƙin faɗa: kafin su niƙa ɗan tsakon sai su cire masa ƙwaƙwalwa da laka, don kada ƙwayar ta sami inda za ta ci gaba da koyon wancan hali. Suka yi ta juya ta daga kwalba zuwa kwalba. A wani wuri tsakanin juyi na 89 da na 114, ba tare da wani ya shirya ba, ƙwayar ta yi laushi ta fuska biyu: ba ta cin hanta, kuma ƙarfinta a kan ƙwaƙwalwa ya ragu ƙwarai. Suka sa mata suna 17D, suka bayyana ta a 1937, aka gwada ta a Brazil, kuma a 1951 Theiler ya karɓi kyautar Nobel. Rabo ne ya yi aiki tare da haƙuri, domin da aka sake bin hanyar daga farko ba a kuma samun irin wannan sauyi cikin sauƙi ba. Duk allurar shawara da ake yi a duniya yau, har da wadda ke cikin firjin asibitin unguwarku, jikanyar ƙwayar jinin Asibi ce.

Matsalar 17D a wancan zamani ita ce ƙasarmu ba ta da firji. Sai an ajiye ta cikin sanyi, sai an yi ta da sirinji, sai ma'aikaci mai horo. Saboda haka ta fi zuwa ga Turawan mulki da sojoji da matafiya. Da shawara ta ɓarke a yankin Enugu a ƙarshen 1951, aka ɗauko rigakafin Dakar, wanda ake iya yi wa dubban mutane cikin 'yan kwanaki. Bayan kamar mako biyu sai aka fara kawo yara asibiti da zazzaɓi da jijjiga da suma. Gomman yara ne, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara 10, kuma da dama ba su tashi ba. Likitoci biyu, Stones da Macnamara, suka bi sawun al'amarin, suka wallafa binciken a 1955, suka nuna cewa kumburin ƙwaƙwalwar daga lambar ya fito. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi shekara goma ana wannan lamba a ƙasashen Faransa ba a ji irin wannan ƙara ba? A ganina amsar ba ta da wuya. Tawagar lamba takan shiga ƙauye da safe ta fita da yamma. Yaron da ya fara jijjiga bayan kwana goma sha biyu, a garin da babu likita, sunansa ba ya shiga littafin kowa. Za a ce iska ce, ko zazzaɓin damina. Enugu gari ne mai asibiti da masu ƙirga, shi ya sa aka gani.

Abin da ya faru a Senegal ya fi wannan ɗaci. Da aka tabbatar yara ne rigakafin Dakar ya fi cutarwa, sai a farkon shekarun 1960 aka daina yi wa 'yan ƙasa da shekara 10, amma ba a maye gurbinsa da 17D yadda ya kamata ba. Yara suka taso babu kariya. A 1965 shawara ta faɗa yankin Diourbel, kuma mafi yawan waɗanda ta kama waɗannan yaran ne. Cikin firgici aka koma ga tsohon rigakafin, sai ga yara sama da 200 da kumburin ƙwaƙwalwa. An gudu daga gara an tarar da zago, an juyo kuma garar na nan. Ba a daina haɗa rigakafin ƙwaƙwalwar ɓera ba sai a farkon shekarun 1980. Cibiyar Pasteur ta Dakar tana nan har gobe, 17D take haɗawa yanzu, kuma tana cikin masana'antu huɗu kacal da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar shawararsu. Namu ɗakin haɗa rigakafi na Yaba, wanda shi ma ya yi shekaru yana haɗa 17D, ya tsaya da aiki a 1991.

Ina jin wasu abokan aiki, da kyakkyawar niyya, suna gaya wa iyaye cewa rigakafi bai taɓa cutar da kowa ba. Wannan magana ba ta taimakonmu. Tsohon da ya ga wani abu da idonsa, ko ya ji daga bakin mahaifiyarsa, zai san ba gaskiya aka gaya masa ba, kuma daga ranar ya daina sauraro. Abin da ya fi ƙarfi a gaya masa shi ne: an taɓa samun illa, an ƙirga ta, an rubuta, an janye abin da ya jawo ta, kuma ƙa'idojin da ake bi yau daga nan suka fito. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ita kanta 17D ba ta tsira daga gyara ba. A Brazil a 1941 wani kashi nata ya haddasa kumburin ƙwaƙwalwa, aka bincika aka gano cewa kowane ɗakin bincike yana ta juya ƙwayar yadda ya ga dama, har halinta ya fara sauyawa. Daga nan aka kafa tsarin iri: a ware uwar ƙwaya guda da aka gwada aka tabbatar, a daskarar da ita, kowane sabon kashi daga gare ta za a ɗebo, ba daga kashin jiya ba. Manomin da ke ware zangarniyar iri ya rataye a rumbu ya san wannan hikima. Wannan ne dalilin da ya sa kowace 'yar kwalba ke ɗauke da lambar kashi, kuma ake rubuta lambar a katin matafiyi. Idan wani abu ya faru, da ita ake bin sawu har masana'anta. Sa'an nan a shekarun 1950 aka lura cewa 'yan tsirarun da 17D ke kumbura wa ƙwaƙwalwa kusan duk jarirai ne 'yan watanni kaɗan, waɗanda shingen da ke tsare ƙwaƙwalwarsu bai gama ƙwari ba. Da aka ɗaga shekarun farawa sai matsalar ta kusa ƙarewa. Ga asalin wata tara. Ƙasa da wata shida ba a yi sam. Tsakanin shida da takwas sai idan annoba ta zo gari kuma ma'aikatan lafiya sun auna sun ga haɗarin cutar ya fi.

Daga irin wannan ƙirga sauran tambayoyin da muke yi suka samo asali. Muna tambaya ko ƙwai yana tayar wa mutum da mummunan borin jini, domin har yau cikin ƙwan kaza ake rainon ƙwayar. Muna tambaya game da juna biyu, da shayar da jariri ƙarami, da ƙanjamau da ya yi nisa, da maganin sankara ko wani magani mai danne garkuwar jiki, domin ƙwayar rayayya ce, laushi kawai ta yi. Wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba, a zauna da likita tukuna. Idan an dama garin da ruwansa, kwalbar ba ta wuce awa 6, ko da saura a ciki zubarwa ake yi. Don haka idan ma'aikaciya ta ce a dawo ranar da ake buɗe kwalba, ba wulaƙanci ba ne. Ga wanda ba ya cikin waɗancan rukunai, mummunar illa ga ƙwaƙwalwa ba ta kai mutum 1 cikin 100,000 ba. Shawara kuwa, cikin waɗanda ta kai su matakin ɗorawar ido da zubar jini, kusan rabi take ɗauka, kuma ba ta da magani sai jinya.

Mun ɗanɗana rashin rigakafin. An yi annoba a yankin Jos a 1969, aka yi wadda ta fi ta a Oju ta Jihar Binuwai a 1986, ta bazu ta yi shekaru tana cin dubban rayuka. Sai a 2004 allurar ta shiga jadawalin yara na ƙasa, ana yin ta tare da ta ƙyanda. Waɗanda aka haifa kafin nan, da waɗanda ba a kai su ba, suka taru suka yi yawa. A watan Satumban 2017 cutar ta sake bayyana a jikin wata yarinya a Ifelodun ta Jihar Kwara. A 2019 ta kama maziyarta gandun dajin Yankari a Bauchi, kuma Katsina na cikin jihohin da aka tabbatar da ita a wannan shekara. Da yawanmu mun tuna gangamin da aka fara a ƙarshen Satumban 2019, na 'yan wata 9 zuwa shekara 44. Wanda aka yi masa a lokacin ya gama: tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, kuma daga Yulin 2016 katin ba ya ƙarewa. Maniyyaci dai ya tuna katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A lura kuma sauron shawara da rana yake cizo, a randa da duro da tsohuwar taya yake ƙyanƙyasa, don haka gidan sauro shi kaɗai ba ya tare shi.

A can Asiya an bi kusan wannan hanya da ƙwayar Japan. A 1924 annobarta ta kama sama da mutum 6,000 a Japan, aka kama ƙwayar a 1935, kuma a 1954 aka fara rigakafi, shi ma daga ƙwaƙwalwar ɓera, sai dai su sun kashe ƙwayar kafin su yi allurar. Ya yi aiki shekara hamsin, yana ta samun tacewa, har 2005 da gwamnatin Japan ta dakatar da ƙarfafa yin sa bayan wata yarinya ta sami mummunar larurar ƙwaƙwalwa, aka koma ga wanda ake raina ba tare da naman ƙwaƙwalwa ba. Sin ta fito da nata mai rai a 1988, mai araha, wanda Indiya ta shigo da shi a 2006 bayan annobar Gorakhpur ta 2005 ta kashe yara sama da 1,000. Akwai kuma wani da aka amince da shi a Ostireliya a 2010, mai suna Imojev, wanda labarinsa ke ba ni mamaki duk lokacin da na tuna: masana sun ɗauki 17D, suka cire mata rigarta ta waje, suka sa mata rigar ƙwayar Japan. Jiki yana ganin rigar ya koyi yaƙi da cutar Japan, amma abin da ke ciki zuriyar jinin Asibi ce.

Ƙwayar Japan tana zagaye ne tsakanin sauron fadamun shinkafa da aladu da tsuntsayen bakin ruwa irin su zalɓe da balbela. Mutum ba ya ɗaukarta daga mutum. Cikin kamar mutum 250 da ta shiga jikinsu ɗaya ne ke yin ciwo mai tsanani, amma cikin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta kumbura har kashi 30 cikin 100 na iya rasuwa, kuma da yawa daga waɗanda suka tashi sukan rayu da shanyewar gaɓa, ko rashin magana, ko farfaɗiya. Ba cutar ƙasarmu ba ce, shi ya sa allurarta ba ta cikin jadawalinmu. Amma Katsinawa matafiya ne. Ɗan kasuwar da zai yi mako ɗaya a otal cikin birnin Guangzhou, ko mai rakiyar majinyaci zuwa babban asibiti a Delhi, haɗarinsu kaɗan ne ƙwarai. Ɗalibin da zai yi shekaru a Indiya ko Malesiya ko Bangaladash, ko mai fita tabligi da zai kwana a masallatan ƙauye da damina, shi ya kamata ya nemi shawara. Nau'in da aka fi yi wa matafiya, Ixiaro, allura biyu ce da tazarar kwana 28, kuma ana so a gama mako guda kafin shiga wurin. Idan ba a samu a nan ba, a tambaya a asibitin makaranta da zarar an sauka.

Saura West Nile, wadda ita ce a ƙofar gidanmu. An fara kama ta a Yuganda a 1937, shekarar da 17D ta fito, kuma binciken jini a Najeriya ya sha nuna alamarta a jikin mutane da dawaki. Tsuntsaye ne ma'ajiyarta, sauron kwata mai fitowa da magariba ke ɗauko ta. Mafi yawan waɗanda ta shiga ba sa jin komai, wasu su yi zazzaɓin da za a ɗauka maleriya ce, ƙasa da 1 cikin 100 take hawa wa ƙwaƙwalwa, galibi tsofaffi da masu raunin garkuwa. Bayan ta ɓulla a New York a 1999 ta kashe dawaki da yawa, cikin 'yan shekaru aka fitar da rigakafin doki. Na mutum har yau babu. A garin hawan sallah da folo irin Katsina, mai doki zai iya tambayar likitan dabbobi game da allurar dokinsa, kuma kada ya ji tsoro, doki ba ya shafa wa mutum. Shi kansa mai dokin, da tsohuwar da ke shan iska a tsakar gida bayan isha'i, abin da suke da shi shi ne gidan sauro, da raga a taga, da yashe kwatar ƙofar gida kafin ruwan Agusta ya cika ta.